Antin da ke zama da yaro mai buƙata ta musamman a aji: aikin koyarwa take yi ko raino?

Maman Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin taron iyaye da malamai na ranar Asabar. Makarantar da yarana suke ta kuɗi ce, kuma akwai Anti biyu da aka ɗauka su riƙa zama cikin aji da yara masu buƙata ta musamman. Ɗaya tana tare da wata yarinya da ƙafafunta da hannunta na dama suka shanye tun haihuwa. Ɗayar yara maza biyu take riƙewa, ɗaya ba ya ji sosai, ɗayan kuma likita ya ce otizim ne, wato lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane. Yanzu hukumar makaranta ta ce haya da man janareta sun cinye kuɗi, za a sallami ɗaya, wadda ta rage a ƙara mata aikin nazare. Wasu iyaye har sun amince, wai ai raino suke yi, ba darasi suke bayarwa ba. Yarana ba sa cikin ukun nan, amma abin ya tsaya min a rai. Me zan faɗa a taron da zai shiga kunnen mutane?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ban ga laifin iyayen ba. Kowa da kyar yake haɗa kuɗin makaranta. Wanda ɗansa ke buƙatar mutum na musamman shi ya kamata ya biya, ko ya kai shi makarantar da aka gina don irinsu. Akwai ta gwamnatin jiha a cikin gari, akwai ta kurame a Kawo. Ku zo firamaren unguwarmu ku ga aji ya cika ya batse, yara zaune a ƙasa, malami ɗaya. Mu malamin ma muke nema, ba mataimaki ba.

Antin Aji: Salamu alaikum. Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan aikina ne, don haka ku yi min haƙuri in na tsawaita.

Yarinyar da nake riƙewa a wata makarantar daban irin wannan lalurar gare ta. Kafin a buga ƙararrawa ina bakin ƙofa, ni nake sauko da ita daga Napep in ɗora ta a kekenta. Makarantarmu matakala ce, babu gangaren da keke zai bi, sai na kira mai gadi mu ɗaga. A aji ba ta iya zama a benci, jikinta zamewa yake yi gefe guda, sai na naɗe zani na tokare mata kwiɓi, na sa mata katako a ƙarƙashin ƙafa don kada ƙafafun su yi ta lilo. In zamanta bai daidaita ba hannun ba ya rubutu, duk ƙarfinta yana tafiya wajen riƙe jikinta. Fensir ɗinta na naɗa masa tsumma da salatif ya yi kauri, sannan ta iya damƙe shi. Malama tana rubutu a allo da sauri, kafin yarinyata ta gama layi ɗaya an goge. To ni nake kwafe tambayoyin da manyan baƙi, ita kuma ta ba da amsa. Lissafi da murafen kwalba muke yi, tana tura su da hannun hagu.

In an fita tara ni nake ba ta abinci a hankali, saboda tana saurin ƙwarewa. Ni nake kai ta bayi. Ni nake hana yara yi mata waƙa, kuma ni na koya wa 'yan ajin su riƙa jiran ta gama magana, don maganarta a hankali take fita. Yanzu har rigima suke yi a kan wanda zai tura kekenta.

Ranar da ban zo ba, uwarta ba ta kawo ta. Wanda ya ce raino ne, ban ce ya yi ƙarya ba, akwai raino a ciki. Amma a gida ma ana rainonta, kuma a gida ba ta iya karanta sunanta ba.

Maman Ɗan Auta: Allah ya saka miki da alheri ƙanwata. Wallahi ban san rabin wannan ba.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ɗan Rigasa, maganarka ta cikar aji gaskiya ce, na ga haka da idona har na yi ritaya. Amma bari in tuna maka, ba alfarma ake yi wa yaran nan ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga nakasassu. Dokar ta ce suna da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, kuma makarantun gwamnati su buɗe ƙofa gare su, kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Jiharmu ta Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021.

A takarda komai ya zauna. Amma a duk tsawon aikina ba a taɓa turo min ma'aikaci da takardar da ta ce aikinsa taimaka wa yaro mai lalura a aji ba. Malami ake turowa, sai mai gadi. Abin da muke yi shi ne mu roƙi wata malama mai tausayi, ko yayar yaron da ke aji biyar ta riƙa barin darasinta tana zuwa duba shi. Ita ma karatunta ya taɓu ke nan. Lokacin da aka kawo matasan N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a 2016 na samu sauƙi, na ajiye ɗaya a ajin da nake da yaro mai raunin gani, na ga canji cikin zango ɗaya. Da shirinsu ya ƙare, yaron ya koma bayan aji yana jin muryoyi kawai.

Makarantun musamman da ka ambata suna ƙoƙari. Amma uban da ke Rigachikun ko ƙarshen Rigasa, nawa zai kashe a mota kullum? Wanda ke ƙauyen Birnin Gwari ko Kauru fa? Yaron da ba a karɓa a makarantar unguwarsu ba, yawanci zaman gida yake yi, wani kuma bara ake tura shi.

Malama daga Zariya: Baba kun yi bayani mai kyau. Ni malamai nake koyarwa, kuma ina so in kawo wani gefe da ba a taɓo ba, don kada mu ɗauka da an ajiye Anti kusa da yaro shi ke nan an gama.

A Ingila, inda mataimakan aji suke da yawa, an yi wani babban bincike tsakanin 2003 da 2009 ƙarƙashin Farfesa Peter Blatchford, aka bi ɗalibai sama da 8,000. Abin da aka gano ya girgiza masu ilimi a can: yaran da suka fi samun taimakon mataimaki su ne suka fi ja baya a Turanci da lissafi da kimiyya, ko da an cire tasirin lalurar da suke da ita tun farko. Dalili shi ne malami yana ganin an ba yaro mai kula da shi sai ya sakar mata shi gaba ɗaya. Yaron da ya fi kowa buƙatar ƙwararren malami sai ya zama shi ne ya fi kowa ƙarancin magana da malamin. Mataimakiya kuma ba a gaya mata abin da za a koyar ba sai ta ji shi tare da yara, don haka hankalinta yana kan yaro ya cika shafi kafin a tashi, ko ya fahimta ko bai fahimta ba.

Ina ganin irin wannan a makarantun kuɗi na Kaduna da Zariya. Littafin yaro cike da maki, ka tambaye shi abu ɗaya ba ya iya faɗa, saboda an riƙe masa hannu aka rubuta.

Ɗan Rigasa: To kun ji. Ashe ma ba a rasa komai in an sallame su.

Malama daga Zariya: A'a Malam, ba haka na ce ba, kuma masu binciken ma ba haka suka ce ba. Ba su ɗora laifin a kan mataimakan ba, a kan yadda makarantu ke amfani da su suka ɗora. Shawararsu ita ce a horar da su, a ba su lokacin zama da malami kafin darasi, malami kuma ya ci gaba da ɗaukar yaron a matsayin ɗalibinsa. Yarinyar da Anti ta ba mu labari, in babu Anti ko ƙofar aji ba za ta shiga ba, balle a yi zancen maki.

Antin Aji: Malama, maganarku ta ɗan sosa min rai da farko, amma na san abin da kuke nufi. Akwai malamar da na yi aiki da ita, zango guda ba ta kira sunan yarinyata ba sai wajen kiran rajista. In tana son sanin wani abu ni take tambaya, "Ta gane?", alhali yarinyar tana zaune tana kallonta. Riƙe hannu kuwa, iyaye ne suke matsa mana. Uwa ta buɗe jaka ta ga shafi babu komai, washegari ta zo ta ce me ake biyanki. In kin ce yau harafi uku ta rubuta da kanta kuma ya fi shafi goma da hannuna, ba kowace uwa ke karɓa ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya min aikin nan. Sakandare na gama, abin da na sani daga uwar yarinyar na koya da masu gashin ƙashi na asibiti, ranar da na raka su.

Malamar Aji Biyu: Bari in faɗi yadda muke yi da Antin ajina da yaron da take riƙewa, ko zai amfani wani. Kafin taron safe muna zama minti 10, in nuna mata darasin ranar, mu yanke abin da yaron zai yi da wanda za a rage masa. In na ba aji aiki, sai mu yi musaya: ita ta zagaya tana duba sauran yara, ni in ja kujera in zauna da shi. Kuma mun yi yarjejeniya ba za ta ba shi amsa ba, sai ta jira tukuna, in ya kasa ta nuna masa misali, in ya sake kasawa ta yi masa rabi. Yaron otizim gare shi, hayaniya ce babbar matsalarsa. Ita ta lura cewa kafin ya fara ihu yana toshe kunne yana kaɗa jiki, sai ta riƙa fita da shi ƙarƙashin bishiya tun kafin abin ya yi nisa. Ita ta zana masa hotunan abin da za a yi a rana, karatu, tara, salla, tashi, ta manna a bencinsa, saboda canjin da bai san da shi ba yana rikita shi. Ni mai takardar NCE ban gano waɗannan ba, ina fama da alli da sauran yara. Iyayen da ke cewa ba su amfana, su sani ranar da ba ta zo ba, rabin darasin duka ajin ne ke tafiya.

Maman Ɗan Auta: Wannan ta ƙarshen ita zan fara faɗa musu.

Ɗan Tudun Wada: Ni makaho ne, waya ce ke karanta min saƙonninku, kuma na gama jami'a. Ina so a ji daga bakin wanda aka taɓa taimakawa. A firamare da rubutun makafi na Braille na fara, ɗigo 6 ne ake jujjuyawa su ba da kowane harafi, kuma in da allo da tsinke kake rubutawa daga dama kake farawa, sai ka juya takardar ka karanta daga hagu. Da na shiga sakandare da masu gani, malamai ba su iya karanta shi ba. Wani bawan Allah da aka ɗauka a ɗakin karatu shi ya zama idona. Yana karanta min abin da ke allo, yana mayar da amsoshina zuwa rubutun biro don malami ya duba, ya yi min taswirar Najeriya da zare da gam a kan kwali, da yatsa na san inda kogin Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja.

Abin da na fi gode masa shi ne abin da ya ƙi yi min. Bai taɓa ɗaukar min jaka ba. Ya zagaya da ni makaranta da sanda har na haddace hanyar aji da masallaci da bayi, daga nan ya daina riƙe ni. In na faɗi amsa ba daidai ba, haka yake rubuta ta. A lokacin haushinsa nake ji. Da na je rubuta JAMB a cibiyar da suke ware wa makafi, babu shi a wurin, kuma ban buƙace shi ba. Don haka Anti, in uwa ta ce me ya sa shafi bai cika ba, ki ce mata wani makaho a Tudun Wada ya ce a bar yarinya da harafinta uku.

Antin Aji: Na gode Yaya. Zan gaya mata.

Malamin Islamiyya: Allah ya ƙara basira. Mu tuna Suratu Abasa a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum ta sauka, makaho ne da ya zo neman ilimi, kuma daga baya ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana bar masa riƙon Madina in an fita. Mu ma masu Islamiyyu maganar nan ta shafe mu. Yara nawa muke mayarwa gida da cewa ba mu da mai kula da su?

Mai Makaranta: Ku ba ni dama in yi magana a madadin waɗanda ake zargi. Ina da ƙaramar makaranta, kuma ina karɓar yaran nan, da yawa daga cikin abokan sana'ata ba sa karɓa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, na jihar Kaduna 72,000. Gaskiya ba na iya biyan malamaina haka, kuma dokar ma ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Anti tana karɓar ƙasa da malami. Ba na alfahari da wannan, amma in na ɗora kuɗinta a kan uban yaro shi kaɗai, wanda dama yana fama da kuɗin asibiti da magani da famfas, cire ɗansa zai yi. In na raba wa duka iyaye, su ce ba su yarda ba. Wacce na koya wa aiki ta ƙware, da ta samu shagon POS ko wata makaranta a Malali mai biya da kyau sai ta tafi, ban kuma ga laifinta ba. Yaron da ya saba da ita kuwa sai ya koma baya, musamman mai otizim, kafin ya yarda da sabuwar fuska an sha wuya.

Tsohon Hedimasta: Alhaji, ku zauna da iyayen ku buɗe musu lissafi. In aka raba albashin mutum ɗaya a kan yaran makaranta duka, abin da zai faɗa wa kowane uba a zango ba zai kai kuɗin wasu abubuwan da ake karɓa don bikin yaye ɗalibai ba. Hajiya, ki nemi a kawo wannan lissafin ranar Asabar. Batun horo kuma, hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan a kan hanyar Zariya tun 1976 aka kafa ta. Kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman tana can Oyo, akwai kuma sashen wannan fanni a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero. Masu ilimin suna nan. Abin da nake so in ga SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ta yi shi ne ta ba wannan aiki suna da matakin albashi, a yi masa gajeren kwas lokacin dogon hutu.

Baban Kurma: Ni abin da ke damuna daban ne. Ɗana sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, ya tashi ba ya ji. A gida muna da maganar hannu tamu da muka saba, irin wadda kurame ke yi a kasuwa. A makaranta kuwa wadda aka samo daga Amurka ake koyarwa, ba ɗaya ba ne. Antin ajinsu ce ta tsaya tsakaninmu, duk Juma'a in na zo ɗaukarsa sai ta koya min alamu kaɗan, har na iya tambayarsa me aka yi yau ya ba ni amsa. Ita ce kuma ta ce mu kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna a sake auna jinsa, kuma ita ke duba batirin na'urar kunnensa da safe. Wannan ba ya cikin abin da aka ɗauke ta ta yi. In za a rage mutum, a tambayi iyayen yaran tukuna.

Ɗan Rigasa: Ban ƙi ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa talakan da ɗansa ke makarantar gwamnati babu wanda ya yi masa magana a nan. Duk abin da kuke faɗa na masu iya biya ne.

Malamar Aji Biyu: Wannan gaskiya ce Malam, kuma ni a ta gwamnati na fara aiki. Abin da ya taɓa yi mana amfani shi ne kwamitin makaranta na unguwa, suka samo wata matashiya suna haɗa mata ɗan abin sabulu daga aljihunsu. Bai ɗore ba, amma shekarar da ta yi yara biyu da suke zaune a gida sun shigo aji. Ka kai maganar gaban kwamitinku da mai unguwa.

Nas daga Barnawa: Na shigo a makare. Abu ɗaya nake roƙo, duk makarantar da ke da Anti a koya mata taimakon gaggawa, don ita ce hannun farko da ke kai wa ga yaron. In farfaɗiya ta tashi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko manja. A kawar da benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe, a duba agogo. In ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti kai tsaye. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, a gaya wa yara da malamai haka. Mai sikila kuma a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, a rufa masa jiki da hunturu.

Sai batun bayi. In yarinya ce, mace ce za ta kai ta, namiji in ya fara girma a samo masa namiji, kuma uwa ta san wane ne ke taɓa jikin ɗanta. Yaron da ba ya iya magana ba ya iya kai ƙara.

Antin Aji: Anti Nas, tambaya gare ni. Yarinyata ta fara nauyi, bayana yana ciwo in na ɗaga ta daga keke zuwa bayi. Akwai yadda ake yi?

Nas daga Barnawa: Akwai. Ki fara taka wa keken birki, ki matso da shi dab da inda za ta zauna. Kada ki sunkuya da baya, ki lanƙwasa gwiwa, ki rungumo ta kusa da ƙirjinki ta ƙugu, ba ta hammata ba, don kafaɗar da ta shanye tana iya gocewa. In za ki juya, ki juya da ƙafafunki, kada ki murɗa ƙugu. In tana iya taka ƙafa ko kaɗan ne, ki bari ta taka, ke ki zama madogara kawai. In ta kai nauyin da sai kin yi nishi, ku zama biyu, ki gaya wa hukumar makaranta a rubuce. Ranar da za su koma wajen gashi ki sake raka su, ki ce a nuna miki a jikinta, don kowane yaro da yadda ake ɗaukarsa.